Ƙafa, Ruwa da Inuwa: Kwana Biyar Tsakanin Mina da Arfa

Motarmu ta bar masauki a Makka da asubahin 8 ga Zulhajji 1444, wato 26 ga Yuni 2023. Daga Harami zuwa Mina tafiyar kilomita 8 ce ko ƙasa da haka, wadda in ba lokacin Hajji ba mota za ta cinye kafin a gama gaisawa. Mu sai da muka shafe awa uku, domin mutum sama da miliyan 1.8 ne suka nufi kwari ɗaya a yini ɗaya. Kowa na riƙe da ƙaramar jaka. Abin da ya kamata a samu cikinta bai da yawa: harami na canji, silifa ta biyu, lema mai farin launi, gorar ruwa, man basilin marar ƙamshi, ƙullin garin gishiri da sukari na asibiti, maganin da mutum ke sha kullum tare da takardarsa, tabarma mai naɗewa, da katin shaida a wuya. Duk abin da ya wuce wannan nauyi ne, kuma kafaɗar mai shi ce za ta biya.

Tantunan Mina sun haura 100,000, farare, jere kamar an zana su da ma'auni, kuma kamanninsu ɗaya ne har ya kan sa wanda ya fita alwala ya kasa komawa. Shi ya sa aikin farko shi ne a rubuta lambar tanti da lambar titi a takarda, a kuma ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofa. Yadin tantin ba irin wanda aka sani ba ne, saƙar zaren gilashi ce da aka shafe da sinadarin da ba ya kama wuta. An koma ga wannan ne bayan gobarar watan Afrilun 1997, wadda ta cinye tantunan yadi ta halaka mutum sama da 340. Tun daga nan aka hana kunna tukunyar gas a ciki. Wanda ya kwanta a inuwar nan yana kwance ne cikin darasin da wasu suka biya da rayukansu, kuma ina ganin ya dace a tuna da su cikin addu'a a daren farko.

Rabon kowane mutum a tantin katifa ce da faɗinta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Jaka ita ce matashi. Juyawa sai da lura, kada gwiwa ta sami haƙarƙarin maƙwabci. A nan na fara fahimtar cewa fili ma arziki ne, ko da na miƙe ƙafa ne.

Sai maganar banɗaki, wadda masu ba da labarin Hajji kan tsallake don kunya, alhali daga nan rabin rashin lafiyar ke farawa. Layi kan yi tsawo dab da kowace salla, mutum ya tsaya rabin awa ko fiye. Tsofaffi da mata suka ga haka sai su yanke shawarar rage shan ruwa don kada fitsari ya matsa musu. Wannan dabara ita ce ke kai mutane asibiti washegari a Arfa, domin sun isa filin jikinsu ya riga ya bushe. Hanyar da ta fi ita ce a sha ruwa yadda ya kamata, a sauya lokacin zuwa: awa ɗaya kafin kiran salla, ko bayan an shiga sahu da ɗan lokaci, ko tsakar dare. Kuma a duba launin fitsari. In ya yi fari-fari, jiki na da ruwa. In ya yi ja-ja kuma kaɗan ne, jiki na bin ka bashi.

Ranar 9 muka wuce Arfa, kilomita 14 daga Mina. Fili ne shimfiɗaɗɗe, an kafa manyan alluna masu launin rawaya a gefensa da ke nuna inda iyakarsa ta fara da inda ta ƙare. Lura da allunan nan wajibi ne, domin tsayuwa a wajen iyaka ba tsayuwar Arfa ba ce. Ko masallacin Namira, ɓangarensa na gaba yana cikin kwarin Urana ne, wajen Arfa, kuma akwai alamu a ciki da ke nuna haka. Dutsen Rahma na can ana hangensa fari fat da mutane. Hawansa ba ya cikin sharuɗɗan Hajji, filin gaba ɗaya wurin tsayuwa ne. Duk da haka na ga mutane da yawa sun bar inuwar tanti da tsakar rana sun nufe shi a ƙafa, tafiyar kilomita biyu ko uku, wasunsu ba lema ba gora. Da yawa cikin waɗanda aka dawo da su a kan keken marasa lafiya daga wannan hanyar aka kwaso su.

Zafin Arfa a watan Yuni ba ya bukatar ƙari a labari. Iska kan taso kamar daga bakin maƙera. An dasa darbejiya a faɗin filin, an kuma kafa dogayen sanduna masu fesa ruwa kamar yayyafi, amma jikin mai tafiya cikin rana na iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya a awa. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20, ba tare da jiran ƙishirwa ba, domin ƙishirwa kan makara, musamman ga tsofaffi. Ɗurawa kuma lokaci guda ba ta da amfani, kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri, don haka ruwa zalla a yini guda kan bar mutum da ɗaurewar jijiya a ƙafa da ciwon kai. A zuba ƙulli ɗaya na garin gishiri da sukari a lita ɗaya. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya shi kam sai ya ji daga likitansa tun kafin tafiya, nasa lissafin daban ne.

Akwai bambanci tsakanin wanda zafi ya galabaitar da wanda zafi ya buge, kuma sanin bambancin na ceton rai. Na farko yana gumi sharkaf, yana jin jiri da tashin zuciya, amma in ka tambaye shi sunansa da lambar tantinsa zai faɗa. Wannan a kai shi inuwa, a kwantar, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwa da kaɗan-kaɗan. Na biyu ya ruɗe, yana sambatu ko tangaɗi, ko ya yi shiru yana kallon mutane bai gane su ba, jikinsa ya haura digiri 40. Wannan ba a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa. A kira 911 ko 997, lambobin agajin gaggawa na can, kafin su iso a jiƙe shi da ruwan sanyi daga kai har ƙafa, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita. Sanyaya jiki ake fara yi kafin ɗauka. A Hajjin da ya biyo bayan namu, na 2024, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti ba su da mota, sun yi ta tafiya cikin rana. Tazarar da ke tsakanin rayuwa da mutuwa a ranar ba ta wuce kaurin yadin tanti ba. Allah Ya ji ƙansu.

Bayan la'asar rana ta ɗan sassauta, mutane suka fito daga tantuna suka fuskanci alƙibla, hannuwa sama. Ba zan iya siffanta wannan sa'a ba, kuma ba ita na zo bayarwa ba. Abin da zan faɗa shi ne wani abu da malaminmu ya nuna mana a kan hanya: wani tsohon gini na duwatsu da ya bi gindin tsaunuka kamar igiya. Ragowar magudanar Zubaida ce, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a shekarar 831. Ta zo Hajji ta ga yadda ƙishirwa ke wahalar da alhazai, sai ta sa aka janyo ruwa daga kwarin Nu'uman, ta ɓangaren hanyar Ɗa'if, har zuwa Arfa. Masu tarihi sun ruwaito cewa da aka tsoratar da ita da yawan kuɗin da aikin zai ci, sai ta ce a yi ko da kowane saran diga zai ci dinari. Magudanar nan, da gyare-gyaren da aka yi ta yi mata, ta shayar da alhazai sama da shekara dubu. Ruwan da muka sha mu a roba yake, da sanyinsa, matasa na miƙo shi daga bayan manyan motoci ba su tambayi sunan kowa ba. Amma tun da na ga ginin nan na daina karɓar gora kamar daga sama ta faɗo. Kowace gora akwai hannun da ya cika ta, da wanda ya ɗauko ta, da wanda ya biya. Yaba kyauta tukuici, kuma mafi ƙarancin tukuicin shi ne kada a sha rabi a jefar da rabi. Abin da ya fi ɓata mini rai a filin nan shi ne tarin gorunan da aka kurɓa sau ɗaya aka yar, mutane na takawa suna zamewa a kansu.

Rana na faɗuwa aka tashi zuwa Muzdalifa, ba a yin magariba sai an isa, a haɗa ta da isha'i. Wasu sun bi jirgin ƙasan da aka buɗe a 2010, mai tsawon kilomita 18 da tasha tara, uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina. Wasu mota, wasu ƙafa. A daren nan mai ƙafa kan riga mai mota isa.

Muzdalifa babu tanti. Kowa ya shimfiɗa tabarmarsa inda ya samu, a kan tsakuwa ko kwalta, ƙasar kuwa tana ta amayar da zafin da ta haɗiya da rana har tsakar dare. Wurin kwanciya na da zaɓi: kada a kwanta bayan motar da aka ajiye, domin hayaƙinta na shaƙe mai barci kuma direba na iya ja da baya cikin duhu. Kada a kwanta a hanyar masu zuwa banɗaki. A ɗaura jaka a hannu, silifa a ƙarƙashin kai. Nan ake tsintar tsakuwar jifa, kowace kamar ƙwayar wake ko ta ɗan fi: 7 don ranar 10, 21 don ranar 11, 21 don ranar 12, jimilla 49, ko 70 ga wanda zai kai ranar 13. A ƙara 'yan kaɗan saboda wadda za ta suɓuce, a zuba a gorar da ta ƙare. Masu rauni da tsofaffi an yi musu rangwame su wuce Mina bayan tsakar dare, kuma karɓar rangwamen nan ba ragin lada ba ne, hankali ne.

Kusa da mu wata mata ce zaune, ba ta kwanta ba. Ta yago gefen kwalin ruwa tana yi wa wata tsohuwa fifita, tsohuwar na barci baki buɗe, kanta a kan jaka. In hannun dama ya gaji sai ta mayar hagu. Matar wani abokin tafiyarmu ta ce da ita, "Hajiya, kawo in karɓe ki, ke ma ki ɗan runtsa. Mahaifiyarki ce?" Matar ba ta ji yaren ba, sai ta yi murmushi ta girgiza kai, ta nuna tsohuwar ta buɗe hannu, alamar ba ta ma san ta ba. Suka yi ta karɓa-karɓa su biyu har aka kira asuba. Tsohuwar ta farka ta gyara mayafinta ta nemi ruwan alwala, ba ta san an yi ba. Na daɗe ina tunanin sau nawa aka yi wa kowannenmu irin wannan fifitar yana barci.

Ni dai barcin da na yi bai kai awa biyu ba, a kan tsakuwa, amma ban taɓa tashi da sanin darajar barci kamar na wannan asuba ba.

Ranar 10 ita ce ranar ƙafa. Daga Muzdalifa zuwa wurin jifa, daga can zuwa tanti ko zuwa Makka, duk a ƙasa ake yin mafi yawansa. Tantinmu na da nisan kusan kilomita 4 daga Jamra, wato wurin jifa, zuwa da dawowa 8, kwana uku a jere, ban da ɗawafi da sa'ayi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sabon takalmi. Mutum ya sayi silifa sabuwa fil ya ajiye ta don Hajji, igiyarta ta ci tsakanin yatsu a kilomita ta biyu, bororo ya tashi ya fashe, gumi da ƙura su shiga. Takalmin Hajji shi ne wanda aka yi makonni ana tafiya da shi tun a gida, mai kaurin ƙasa, mai maɗauri a baya. Mai faso ya riƙa shafa basilin da dare tun kafin tafiya. Maza kuma, da yake babu wando a ƙarƙashin harami, cinyoyi kan gogi juna har fata ta saɓule, mutum ya koma tafiya a tale. A shafa man tun kafin a fita, ba bayan ta fara raɗaɗi ba. Bororon da bai fashe ba a bar shi, a rufe shi da filasta.

Gadar jifa hawa biyar ce idan an haɗa da ta ƙasa, hanyar shiga daban, ta fita daban. An sake gina ta bayan turmutsutsun watan Janairun 2006 da ya ci mutum 346, wanda ya faro daga kayan da suka zube mutane suka yi tuntuɓe da su. Ginshiƙan da ake jifa a dā an mayar da su bango mai tsawon mita 26 don kada a taru a wuri ɗaya. Mafi yawan mutane kan tsaya a farkon bangon, alhali in ka ƙara taku ashirin gaba za ka samu sarari. Dokokin wurin kaɗan ne kuma ba a wasa da su: a bi lokacin da aka ba tantinku, kada a ɗauki babbar jaka, kada a juyo a fuskanci jama'a, kuma in takalmi ya fita kada a sunkuya ɗauka. Dalilin silifa ta biyu ke nan.

A hanyar dawowa ne na ga wani dattijo cikin ayarinmu yana tafiya ba takalmi a kan kwalta, rana ta take. Na ce, "Baba, ina takalminka?" Ya ce, "An take mini shi wurin jifa, ɗana. Kada ka damu, ai ba na jin zafi." Wannan amsa ita ta tayar mini da hankali, domin na san yana da ciwon suga. Muka zaunar da shi a gefen hanya aka ɗaga ƙafar. Tafin ya yi fari ya kumbura, fatar dunduniya ta fara ɗagowa kamar ɓawon da aka jiƙa. Ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, sai kwalta ta gasa mutum bai sani ba. Mai lafiya da ya taka wurin nan taku uku zai yi ya daka tsalle ya nemi inuwa, wannan tsallen shi ne ya cece shi. Tun ina yaro nake jin ana gode wa Allah a kan lafiya, amma ban taɓa jin wanda ya gode a kan jin zafi ba, sai da na ga ƙafar da aka ɗauke wa shi. Aka zuba mata ruwa mai sanyi ba ƙanƙara ba, aka rufe da tsabtataccen ƙyalle, aka tura shi a keke zuwa asibitin da ke kusa. Ɗansa ne ya yi masa jifan sauran kwanakin.

Hadaya ba mu gan ta da ido ba, takarda aka saya ta shirin da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara gudanarwa a 1983, a yanka a madadinka a raba naman ga mabukata har a wasu ƙasashe. Aski kuwa a je wurin masu lasisi, a ga an ɓare sabuwar reza a gabanka. Reza ɗaya a kan mutum biyar hanya ce ta ciwon hanta.

A Makka, filin ɗawafi ya ba ni mamaki bayan abin da na gani a kwalta. Zafin rana iri ɗaya ne, amma farin dutsen da aka shimfiɗa kewaye da Ka'aba ana taka shi ba takalmi. Marmara ce da aka ɗauko daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, farinta na mayar da hasken rana maimakon ta haɗiye shi. Wani ya zauna ya yi tunanin tafin ƙafar mutanen da ba zai taɓa gani ba. Wanda cunkoso ya hana shi ƙasa ya hau bene, sai dai ya sani nisan zai ninka sau uku ko huɗu. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kusa kilomita 3, yau cikin rufi da sanyin na'ura, ga tulunan Zamzam jere a gefe. Nana Hajara ta yi shi a kan duwatsu tsirara, da jariri yana kuka, ruwan da take nema kuwa shi ne wanda muke tsiyaya da danna yatsa. Ina cikin zagaye na biyar masu shara suka shigo, suka kewaye wani yanki da jan ƙyalle, wasu na zuba ruwa wasu na bi da abin gogewa a guje, cikin 'yan mintuna suka gama suka matsa gaba, ɗawafi da sa'ayi ba su tsaya ba. Wani alhaji a gabana ya dafa ƙirji ya ce da ɗayansu, "Sannu da aiki, Allah Ya saka." Yaron bai ji kalmomin ba, amma ya ɗago ya dafa nasa ƙirjin.

Ranakun 11 da 12 jifa ne bayan zawali, ƙarama, ta tsakiya, babba, bakwai-bakwai. Wanda zai tafi ranar 12 sai ya fita Mina kafin rana ta faɗi. Muka fita da la'asar sakaliya, muryoyi sun dushe, kusan kowa na tari.

Da dare na leƙa ɗakin dattijon a masauki. An naɗe ƙafar dama da bandeji, likita ya ce kada ruwa ya taɓa ta, ta hagu kuwa ta tsira da ɗan ja. Ɗansa ya kawo ruwa a roba zai wanke masa ta hagun. Dattijon ya ce, "Dakata tukuna." Ya naɗe hannun riga ya tsoma gwiwar hannunsa a ruwan, kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ta koya masa, tunda ƙafar ba za ta gaya masa ko ya yi zafi ba. Ya ce a ƙara na sanyi. Da aka gama ya sa aka goge tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya karɓi waya ya kunna fitilarta, ya ɗora ƙafar a kan gwiwa yana duba tafin a hankali, daga dunduniya har babban yatsa.